Majo ta fi ni jin maganar Innata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, kishi ke cina, kuma ba a kan namiji ba.

Hawan jini ne ya kayar da Innata bara, ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. Ni na ɗauko ta daga Kona na kawo ta ɗakina Tasawa, ni ke mata wanka, ni ke juya ta, ni ke kwashe komai. Matar da ta goya ni shekarar yunwa, zamanin mulkin soja na farko, tana jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, ta ba ni ita ta kwana haka nan, me zan yi in biya ta?

Sai ga wata majo, mai jinya a asibitin unguwarmu, yarinya ce, na girme ta nesa ba kusa ba. Ranar farko ta tambayi Inna inda ke mata ciwo, na amsa, ta ce in yi haƙuri, Inna take tambaya. Ta durƙusa ta sa yatsunta cikin hannun Inna mai lafiya, ta ce in i ne ta matsa sau ɗaya, in a'a sau biyu, ta zauna tana jira kamar ba ta da wani aiki. A nan na ji wai kunun da nake ɗura mata kullum ba ta son shi, fura take so. Wallahi ranar sai da na shiga bayi na yi kuka. Yanzu da majo ta yi sallama fuskar Inna ke washewa, ni kuwa in na shigo sai ta lumshe ido. Na taɓa ce wa majo ta daina shiga tsakanin uwa da ɗiya, ta ce ita aikinta take yi.

To an yi mata afektasiyo, wato canjin wurin aiki, zuwa garin Gidan Amumune, can yayana yake zaune, ya ce a kai Inna gidansa don majo ta ci gaba da duba ta. Muka yi cacar baki a waya, ƙarshe ya ce ni ke jinya, abin da na yanke shi ke nan.

Jiya na tura ƙofa, na sa yatsuna a hannun Inna yadda majo ke yi, na ce Inna kina son tafiya Gidan Amumune? Ta matsa sau ɗaya. Na daɗe ina jiran ta biyun, ba ta zo ba.

Ba wanda ya sani sai ni da ita, ita kuwa ba ta iya faɗa wa kowa. In gaya wa yayana gaskiya, ko in ja bakina in riƙe uwata?