Kwalbar Da Na Cika Da Fiya Wata

Zuwa ga Babban Likita, Shugaban Asibitin Gwamnati da aka kwantar da 'yata Hadiza, Abuja.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ƙara na kawo, kuma wanda ake tuhuma na farko ni ne.

Ina sayar da wayar lantarki a kasuwar Gudu, karatuna bai wuce firamare ba. Da aka ga ƙari a bakin mahaifar Hadiza, likitocinku suka yanko ɗan nama, suka sa a kwalba da wani ruwa mai hawa ido, aka ce 'yan uwa su kai wurin gwaji a wani asibiti. Mijinta ya miƙa hannu, na ce shi yaro ne, na karɓa. Da yake Juma'a ce an tashi daga aiki, na tafi da kwalbar gida Orozo. Ramukan hanya suka zubar da ruwan a aljihuna. Ni sarkin dabara, na cika ta da fiya wata. Ran Litinin da na kai, aka ce naman ya lalace.

Na ɗaya: ban zargi nas ɗin da ta miƙo kwalbar ba. Ita kaɗai na gani tana kula da ɗaki guda, ko zama ba ta yi. Amma da an ce mini ruwan nan magani ne, da ban taɓa ba.

Na biyu: saboda rashin sakamako har an fara zancen cire mahaifar gaba ɗaya, yarinyar da ko haihuwar fari ba ta yi ba. Wata likita ta dage a sake yanka. Aka gano ba ciwon daji ba ne, ƙari ne na rigar jijiya, kamar robar da ke lulluɓe waya, wanda ba kasafai yake fitowa a wurin ba. Aka cire shi, aka bar mata mahaifarta.

Roƙona: tun da farar hula suka dawo mulki, ko'ina gini ake. A sama wa asibitin ɗan aike da babur, a daina ba irina wannan amana.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya saka wa likitar nan da alheri. Ni kuwa Hadiza ta sha wuƙa sau biyu saboda ni, amma abin da kawai ta tambaye ni shi ne ko rigata da ruwan ya ɓata ta wanku. Wannan bashin ban san yadda ake biyansa ba.

Wassalam.
Baban Hadiza, Orozo.