Ƙwayoyin da Na Gani a Jakar Mashkura

Takur, Dutse.

Zuwa ga Yayata Mu'minatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Abban Nusaiba da yaran duka. Allah ya tsare ku a can Fatakwal, ya albarkaci nemanku. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Baba Malam ta yi sauƙi, har ya koma zaure yana ba da karatu bayan la'asar. Inna ma tana nan, sai hawan jinin da kika sani.

Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, domin maganar ba ta kunnen yara ba ce, kuma wayarki ba ta rabuwa da hannunsu. Maganar ƙaninmu Talha ce da matarsa Mashkura. Shekara huɗu ke nan da aurensu, ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Ba wanda ya yi mata gori a gida, amma kowa ya zuba ido. Ni da nake yawan zuwa gidanmu na Limawa, inda suke zaune tare da su Inna, na daɗe da lura cewa al'adarta ba ta da tsari. Wani lokaci sai ta yi wata uku ba ta yi fashin salla ba, har Inna ta fara murna a ranta. Wani lokaci kuma jinin ya zo ya wuce kwana goma sha biyar, sai Inna ta tambayo mata hukunci wurin Baba Malam.

Ranar sunan gidan Kawu Hussaini, Mashkura ta ce in ɗauko mata turare a jakarta. Ina sa hannu sai na ci karo da wani katin ƙwayoyi ƙanana, an rubuta ranaku a jikinsa, an ɓalle fiye da rabi. Yaya, na san su sarai, don irinsu na sha bayan haihuwar Kamilu. Maganin tazarar haihuwa ne. Na mayar, na miƙa mata turarenta. Sai na riƙa tuno abubuwa: yadda ta ƙwallafa rai a kan karatunta na jami'a, yadda take fita duk wata ta ce za ta gaida gwaggonta, yadda take kau da kai idan ana zancen ciki. Na haɗa wannan da wancan, na yanke cewa da gangan take hana kanta haihuwa.

Kwana biyu na riƙe, a na uku na gaya wa Inna. Daga ranar Inna ta daina cin girkinta, gaisuwa ma da ƙyar take amsawa. Ta kira Talha ta tambaye shi, ya sunkuyar da kai ya ce shi bai san komai a kai ba, ya tashi ya fita. Hakan ya ƙara tabbatar mana da zatonmu.

Abin da na yi bayan nan ina jin kunyar rubuta shi. Wata Talata da safe na ga ta fito ta tare adaidaita sahu, sai na hau wata na bi bayanta. Ba gidan gwaggonta ta nufa ba, asibiti ta sauka, ta shiga ɓangaren mata. Ina laɓe-laɓe sai muka haɗa ido. Ta zaci nawa ciwon ne ya kawo ni. Ta riƙe hannuna, ta ce don Allah in raka ta ciki, yau za a gaya mata sakamakon hoto kuma tsoro take ji.

Likitar mace ce, ta ɗan manyanta. Mashkura ta ce mata ni yayar mijinta ce, ta yi magana a gabana. A nan na ji abin da yarinyar nan ta ɓoye. Ashe shekara biyu ta yi tana matsi da wani haɗi da Hajiya Indo, ƙawar Inna, take kawo mata, wai yana buɗe mahaifa. Tun daga nan ƙaiƙayi ya kama ta, da fitar ruwa mai wari, da ciwon mara, kunya kuma ta hana ta faɗa. Likita ta ce gaban mace yana da kariyarsa da Allah ya yi masa, tsarki da ruwa ya isa, cushe-cushe kuwa kashe kariyar suke yi. Ta ce ciwon sanyin da aka bari ya daɗe ya hau sama ya toshe ɗaya daga cikin hanyoyi biyu da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, amma ɗayar a buɗe take. Rikicewar al'adar kuma alama ce cewa ba kowane wata ƙwan ke fita ba. Ƙwayoyin da na gani ita ta rubuta mata, don su tsayar da zubar jinin har a gama maganin sanyin, sannan a sauya mata wanda zai taimaka ƙwan ya fita. Ta ce da yardar Allah akwai rabo.

Ina zaune kamar ƙasa ta tsage in shige, sai likita ta tambaye ta ina maigidanta. Ta ce wata biyar ke nan tana aika masa ya dawo, domin maganin sanyin tare ake sha, kuma shi ma akwai gwajin da za a yi masa. Kalmar dawowa ce ta tsaya mini a rai. Da muka fito na tambayi Mashkura, ta ce ai shi ya kai ta zuwan farko, yana zaune aka rubuta ƙwayoyin, shi ma ya sayo su. Da ya ji zancen gwajinsa ne bai sake taka asibitin ba, ya kuma hana ta gaya wa kowa.

To Yaya, ki duba mini. Ya sani, amma ya ce wa Inna bai sani ba. Ya ga ana share matarsa sati uku a cikin gida, ya yi shiru. Kunya ce kawai? Ko ya taɓa yin gwajin a wani wuri, ya ji abin da ba ya so a sani? Ban ce ga abin da yake ɓoyewa ba, Allah ya tsare ni da mugun zato karo na biyu. Amma tun da ya ji na raka ta asibiti, in na shigo gida fita yake yi.

Na mayar wa Inna da komai. Ta ce shekara talatin suna tare da Hajiya Indo ba ta taɓa cutar da kowa ba. Duk da haka washegari ta ci tuwon Mashkura, har ta sa mata albarka. Zancen Talha ne ta ƙi, ta ce ita ba ta taɓa jin an gwada namiji ba.

Shi ya sa na kawo kukana gare ki. Ke kika goya shi, maganarki yake ji. Ki kira shi a hankali, ki ce ya koma wurin likita. In lafiya ƙalau yake, hankalin kowa ya kwanta. In da matsala, a nemi magani tun da wuri.

Ni ma akwai nawa. Har yau Mashkura ba ta san ni na kai ƙararta wurin Inna ba. Kullum cewa take Allah ne ya jefo ni asibitin ranar nan, tana yi mini addu'a. Na yi niyya ranar Juma'a in je in gaya mata gaskiya, in nemi gafararta. Ki taya ni da addu'a kada bakina ya yi nauyi.

Ki gaida Abban Nusaiba, da Nusaiba, da Jamilu, da auta Sa'adiyya. Baba Malam da Inna suna sa muku albarka. Abban Kamilu ma yana gaisuwa. In kin gama karantawa ki adana takardar inda ido ba zai kai ba.

Wassalam.

Ƙanwarki,
Safina.