Silifas ɗin Yaya Sale

Laraba, bayan isha'i

Wani makiyayi ya ce ya hango Yaya Sale a kan dutsen Shira. Tun da taɓin hankalin nan ya same shi ba ya zama gida, shi ne na hau nemansa.

Can sama hanya ta tsuke, rami dama, rami hagu, sai da na koma rarrafe. A bakin gangaren na tarar da silifas ɗinsa a jere, kamar a ƙofar masallaci. Na yi ta kira, shiru. Na kasa leƙa ƙasa.

Da na dawo Azare na ce wa Inna ban gan shi ba. Ta ce, "Allah dai ya sa da takalmi a ƙafarsa, dutsen nan da zafi."

Silifas ɗin suna ƙarƙashin katifata.