Ɗakinki na Jiran Daɓe

Zuwa ga Mairo, inuwar gawo a tsakiyar bazara, ruwan sabuwar randa, nonon safe da ba a surka ba, tauraruwar da manomi ke duba kafin ya ɗauki hauya. Ina gaishe ki gaisuwar tsoho, wadda ba ta gudu, ba ta kuma ɓata hanya. Ki gaishe min da autarmu Raihana da jaririnta. An ce ya ɗauko hancina. Allah ya ba shi haƙuri.

Tun da kika tafi Tasawa wajen jegon Raihana, an yi suna, an yi arba'in, an ɗora wasu watanni a kai. Labari ya iske ni cewa ita da mijinta sun ware miki ɗaki mai karo, wato tayil, a ƙasa, mai fanka a sama, sun ce ki zauna ke nan, me ya rage miki a Attantane ban da tsoho da awaki? Tambayar ba ta da laifi. Ni ma na juya ta, ban sami ƙari a kan lissafinsu ba.

To ga abin da ake ciki. Ɗakinki da damina ta kayar, na tashe shi. Na sa an buɗe taga ta arewa, ƙarama, daidai inda iska ke shigowa daga gulbi da ƙamshin kaba. Na shafe bango da farar ƙasa, ba fenti ba, don na san ki da cewa fenti ihu yake yi. Na saƙa ragaya sabuwa, na sayo tabarmi mai baƙin gefe a kasuwar Gidan Amumune. Har jere na gwada yi miki. Na fito da ƙorai da tasoshi da faya-fayanki, na tsara su manya a ƙasa, ƙanana a sama, kamar yadda ake tsara damman gero a rumbu. Da ƙawarki Sakina ta leƙo, sai da ta dafa bango don dariya. Ta ce na sa ƙwaryar da kika gada wajen mahaifiyarki a ƙarƙashin kwanon da ake ba kaji dusa, wai ko ɓarawo ya fi ni sanin darajar kaya. Na mayar da komai cikin buhu. Ashe jere ba girma ake bi ba, asali ake bi, kuma ke kaɗai kika san wace ƙwarya ce ta fito daga hannun wa.

Kin tuna shekarar da na sawo miki madubi mai tsawon mutum, na ɗauko shi a amalanke ina tafe kamar mai rakiyar ƙwai? Kika dube shi, kika dube ni, kika ce ɗaki wurin sauke kaya ne, ba ki son wata mata tana tsaye tana kallonki kina saukewa. Washegari na gan shi a gidan ƙanwarki. A gurbinsa kika rataye faifai ɗaya tak, mai ja da baƙi. Na yi fushin yini guda. Da yamma na shigo, na zauna, na kalli faifan nan a farin bango, sai na ji kaina ya yi shiru kamar gona bayan girbi. Wa ya koya miki haka, ya ke sanyin la'asar? Wane malami ne ke karantar da cewa abu ɗaya a bango ya fi goma hutar da ido?

Yanzu saura ƙasa. Na kawo tsakuwa, na jiƙa bagaruwa a tulu har ruwan ya yi baƙi, madaɓai na jingine a bayan ɗaki. Amma matan unguwa sun ƙi bugawa. Sakina ta ce ba a daɓe ɗakin mace ba ta nan. Mai ɗaki ce ke yayyafa ruwan farko, ita ke dama furar masu aiki, sunanta ake sawa a waƙa. Ta ce in kuwa na matsa, su sa nawa sunan, duk gari ya ji Ƙadri ya zama uwar ɗaki. Na ba ta haƙuri.

Ɗanmu Gazali ya aiko da siminti daga Maraɗi, ya ce in daina wahalar da kaina, magini ɗaya ya isa, kafin azahar an gama. Gaskiya ya faɗa. Siminti ba ya jiran kowa, ba ya tambayar ɗakin wa ake zuba shi. Abin da ya sa nake jin tsoronsa ke nan. Ranar da aka zuba shi, ɗakin ya kammalu ba da ke ba, kuma kowa zai ce ai zance ya ƙare.

Hadari ya fara leƙowa daga gabas, Mairo. Da ruwa ya sauka, matan nan gona za su nufa, babu mai ɗaga madaɓi sai kaka. Ba zan ce miki nan ya fi Tasawa daɗi ba, kin san ƙarya ba ta yi min kyau a fuska. Can akwai kuran, wato wutar lantarki, akwai jika, akwai likita kusa. Nan akwai tagar arewa, da farin bango wanda ban rataye komai a kai ba don ban san inda idonki zai so ya sauka ba, da ni.

In za ki zo, ki zo kafin shuka. In kuma kin zaɓi zama, ba zan aiko kowa biko ba, mun wuce shekarun nan. Simintin dai na ba masallacin unguwa. Zan shimfiɗa tabarmata a kan ƙasar yadda take, ɗanya, ni da tururuwa mu yi damina tare. Ba mai daɓe ɗakin nan sai kin yayyafa masa ruwa da hannunki, bana ko baɗi ko bayan baɗi.

Naki tun gashi na baƙi, naki har a miƙe ni a dama cikin kabari,
Ƙadri