Ki Kulle Ƙofa, Yaya

Daga Ikko zuwa Yakasai.

Yaya Husaina, ina gaisuwa. Yaya Inna da 'yata Larai?

Lafiya nake, sai ɗan tari. Amma wata mura tana kwasar mutane a nan, gidanmu kaɗai an fitar da gawa huɗu. Na lura duk wadda ta je dubiya, bayan kwana uku ita ake dubawa. An ce cutar ta biyo jirgin ƙasa zuwa Kano.

Na san unguwarmu: mutum ya yi atishawa, mata goma sun cika masa ɗaki da kunu. Don Allah ki kulle ƙofa, su ce kin yi girman kai. Ko nawa labarin ne ya iso, kada ki shimfiɗa tabarmar gaisuwa.

Allah ya tsare ku.

Ƙanwarki, Lauratu