Zomon da Baba Bai Gani Ba

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna da Anti Rabi da yara. Ya aiki, ya Zariya?

Yaya, na yi wa Baba abin kunya. Ranar Asabar na ɗauke shi daga Manchester zuwa wani filin harbi kusa da Birmingham, don ya tuna farautarsa. Ba dabbobi ake harbi ba, ƙananan fayafayen yumɓu ne inji ke cillawa. Kowanne da sunansa: mai tashi sama ana ce masa agwagwa, mai gangarawa a ƙasa zomo.

Abokan aikina da muka je tare, na cika su da labarin Baba maharbi. Aka saki zomo, bai ko ɗaga bindiga ba. Aka sake saki, shiru. Na yi dariya na ce, "Baba, tausayinsa kake ji?"

Sai a mota ya ce, "Habibu, wai ta ina ya bi? Ni ban ga komai ba."

Muna gida ɗaya, ban taɓa lura ganinsa ya ragu ba. Likitanmu na unguwa, wato GP, ya ce layin asibitin ido ya yi tsawo yanzu.

A sa mu a addu'a. Ka gaida kowa, amma kada Inna ta ji tukuna. Wallahi dariyar nan ta hana ni sakat.

Ƙaninka,
Habibu