Lambar Yabo Ko Rufin Asirin Rakiya?

Anti Sumaiya, don Allah ki agaza mini, kaina ya kulle. Abin da ya kamata ya sa ni murna shi ne ya hana ni cin abinci.

Ni ma'aikaciyar inshora ce a Tudun Wada, Zariya. Na daɗe a aikin nan, na sha rana, na sha gori, har a gidanmu mai sayar da takarda ake ce mini. Muna da ƙungiya ta mata masu wannan sana'a. Mukan sa anko mu shiga kasuwa wayar da kai, mu kai ziyara asibiti, ƙarshen shekara kuma a yi taro a ba gwarzuwar shekara lambar yabo. Bana ni aka zaɓa.

Ga inda matsalar take. Al'adarmu ce wadda ta ci ta hau dandamali da mutum ɗaya da inshora ta biya, ya faɗa da bakinsa, a ɗauki bidiyo a watsa. Kwamiti kuwa sun nace sai wata mata da zan kira Rakiya, ba sunanta ba ne. Mijinta ya yi wa 'ya'yansa inshorar karatu a hannuna a ɓoye, don yayansa na ganin inshora rashin tawakkali ce. Da ya rasu, ni na yi ta zirga-zirga har kamfani ya fara biya wa yaran makaranta. Abokiyar aikina Loveth ce ta kai labarin gaban kwamiti. Na san alheri ta nufa, amma bakinta ba ya riƙe komai.

Rakiya tana zaune a gidan dangin mijin, a hannun yayan nan. Shi a zatonsa ɗinkinta ne ke riƙe yaran a makaranta. In ya ga bidiyon, na san halinsa sarai. Zai ce an ciyar da marayu haram, ya cire su daga makaranta, ita kuma ya tura ta gidansu ba tare da su ba.

Na je na sami Rakiya da maganar bidiyon. Ta sunkuyar da kai ta ce duk yadda na ce, ba ta da bakin hana ni. Shugabarmu, Madam Nkemdilim, ta ce to ai Rakiya ta yarda, me ya rage? Anti, ba zan yi miki ƙarya ba, ina son lambar nan. Innata ta gayyaci rabin unguwa. Haushin Loveth nake ji, da na Madam, da na kaina. Yaya zan yi?

Wata mai damuwa, Tudun Wada

'Yar'uwa, da farko ina taya ki murna. Kin yi aiki, kuma son a yaba miki ba laifi ba ne, ki daina tuhumar kanki a kan wannan.

Al'adar ƙungiyarku ma tana da dalili. Mutanenmu ba sa yarda inshora na biya sai sun ji daga bakin wanda aka biya. Madam ba muguwa ba ce, ta ji an ce to, ta ɗauka to ɗin ne. Amma ni da ke mun san macen da aka yi wa alheri ba ta iya kallon idon mai alherin ta ce a'a. Kunya ce ta amsa miki. Da kin gamsu yarda ce, da ba ki rubuto mini ba.

Hukuncin inshora na bar wa malamai. Ko yayan yana da gaskiya ko ba shi da ita, ba a bidiyo ya kamata ya ji ba, kuma Rakiya ce kaɗai ke da ikon zaɓar ranar da zai ji.

Ki koma wajenta, amma kada ki sake tambayarta, don amsar ba za ta canza ba. Ki gaya mata kin cire ta, magana ta ƙare. Sannan ki samu Madam ku biyu, ki bayyana mata abin da zai faru a gidan nan in bidiyo ya fita. Ki tuna mata riƙon amana shi ne jarin sana'arku, kuma in aka kori bazawara saboda taronku, ba matar da za ta ƙara buɗe muku ƙofa. Ki kawo wani da kika taimaka wanda ba ya tsoron kyamara. Kada ki yarda da dabarar rufe fuska ko canza suna, Zariya ba ta da girman da za a kasa gane Rakiya. Loveth kuma ki ja mata kunne cikin ruwan sanyi.

Idan suka ƙi, ki haƙura da lambar, ki je taron, ki tafa wa wadda aka ba. Zai yi zafi, Inna ma za ta yi fushi na kwana biyu. Amma ranar Litinin yaran Rakiya za su fita makaranta kamar kullum, ba wanda zai tare su a zaure, kuma za su dawo su tarar da uwarsu a gida.

Allah ya ba ki ƙarfin zuciya, ya raya marayun nan.

Anti Sumaiya